Guglielmo Marconi (1874–1937): Saurayin da ya Mayar da Ɗakin Gidansu Tashar Rediyo

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san matsayin rediyo a rayuwar jama'a. Manomi na rataye da ita a gona, tela na sauraren ta a shago, dattawa kuma kan kewaye ta a dandali domin jin halin da duniya ke ciki. Sai dai ba kowa ba ne ya san cewa ɗaya daga cikin manyan tushen wannan na'ura wani ɗaki ne da ke ƙarƙashin rufin wani gida a ƙauyen Italiya, inda wani saurayi ɗan shekara ashirin ya riƙa haɗa wayoyi da batura don sha'awa kawai. Wannan saurayi shi ne Guglielmo Marconi. Wannan babi zai dubi asalinsa, da yadda ya gina ɗakin gwajinsa, da nasarorin da ya samu, da alaƙarsa da masu sha'awar rediyo da suka bi sawunsa, da kuma inda tarihi ya kama shi da laifi.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Marconi ranar 25 ga Afrilu, 1874, a birnin Bologna da ke arewacin Italiya. Mahaifinsa, Giuseppe Marconi, attajiri ne mai gonaki. Mahaifiyarsa, Annie Jameson, 'yar ƙasar Ailan ce daga wani gida na masu arziki. Saboda haka ya tashi da harsuna biyu a bakinsa, wato Italiyanci da Ingilishi, abin da ya yi masa rana daga baya.

Marconi bai yi fice a makaranta ba. Mafi yawan karatunsa a gida ya yi shi a hannun malaman da iyayensa suka ɗauka, kuma har ya girma bai shiga jami'a a matsayin ɗalibi ba. Amma malamai biyu sun yi tasiri ƙwarai a kansa. Na farko shi ne Vincenzo Rosa na birnin Livorno, wanda ya koya masa tushen ilimin lantarki. Na biyu shi ne Augusto Righi, shehun malami a Jami'ar Bologna, wanda yake bincike a kan igiyoyin lantarki masu tafiya a iska, ya kuma bar shi yana halartar laccocinsa. Shekaru bayan haka, a jawabinsa na karɓar lambar yabo ta Nobel, Marconi ya ambaci sunan Rosa a matsayin malaminsa.

Ɗakin da ke Saman Bene

A shekarar 1894 wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Heinrich Hertz ya rasu. Shi ne ya tabbatar a ɗakin gwaji cewa tartsatsin lantarki yana haifar da wasu igiyoyi da ido ba ya gani, masu ratsa iska da saurin haske. Da Marconi ya karanta bayanin aikin Hertz, sai ya yi tunanin cewa za a iya aika saƙo da waɗannan igiyoyi. A wancan zamani tangaraho ya riga ya yaɗu, amma sai an shimfiɗa waya daga gari zuwa gari, kuma jirgin ruwan da ya bar gaɓa ya yanke da duniya ke nan har sai ya isa wata gaɓar.

Iyalinsa suna da wani babban gida, Villa Griffone, a ƙauyen Pontecchio kusa da Bologna. A can saman benen akwai ɗakin da a da ake kiwon tsutsar alharini a cikinsa. Nan ya kafa teburinsa, ya riƙa kwana yana gwaji, wani baran gidan mai suna Mignani yana taimaka masa. Kayan aikinsa kashi biyu ne. Kashin farko shi ne na aikawa: batir, da naɗin waya mai ɗaga ƙarfin wuta, da ƙwallayen ƙarfe da aka bar rata a tsakaninsu, da kuma madannin tangaraho. Idan aka danna madannin, sai tartsatsi ya tsallaka ratar, igiyoyi su fita. Kashi na biyu shi ne na karɓa: wani ɗan bututun gilashi mai ɗauke da garin ƙarfe. Da zarar igiyar ta iso, sai garin ya manne da juna, wutar batir ta sami hanyar wucewa, ƙararrawa ta kaɗa. Daga nan wata 'yar guduma ta ɗan bugi bututun, garin ya warwatse, ya jira saƙo na gaba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan kayayyaki da Marconi ya fara ƙirƙirowa. Bututun garin ƙarfen, alal misali, aikin Bafaranshe Édouard Branly ne, wanda Baturen Ingila Oliver Lodge ya inganta. Abin da Marconi ya yi shi ne haɗa su, da gyara su, da naci a kan ƙara nisan da saƙo zai kai. Da farko ƙararrawar a cikin ɗakin take kaɗawa. A shekarar 1895 ya fito da kayan zuwa lambun gidan, a nan ne ya gano abin da ya sauya komai. Ya binne gefe ɗaya na na'urar a ƙasa, ya ɗaga ɗaya gefen sama a jikin farantin ƙarfe, wato eriya, sai ya ga gwargwadon tsayin eriyar, gwargwadon nisan da saƙon zai kai. Kafin shekarar ta ƙare, saƙonsa ya kai kimanin kilomita biyu, har ya ƙetare wani tudu da ya kare gidan daga inda na'urar karɓa take. An harba bindiga daga bayan tudun domin a sanar da shi cewa saƙo ya iso.

Tafiya Ingila

A watan Fabrairu na 1896 Marconi ya tafi Landan tare da mahaifiyarsa. Ingila ce ta fi kowace ƙasa yawan jiragen ruwa a lokacin, don haka a can ne aka fi buƙatar irin wannan na'ura. Ranar 2 ga Yuni, 1896, ya nemi takardar mallakar ƙirƙirarsa. William Preece, babban injiniyan gidan waya na Ingila, ya tallafa masa da ma'aikata da wuraren gwaji. A watan Mayu na 1897 ya aika saƙo a kan ruwa tsakanin gaɓar Wales da tsibirin Flat Holm, tazarar kusan kilomita shida. A watan Yuli na shekarar ya kafa kamfaninsa da taimakon dangin mahaifiyarsa, a 1898 kuma ya buɗe masana'anta a garin Chelmsford. A watan Maris na 1899 saƙonsa ya ƙetare mashigin ruwan da ya raba Faransa da Ingila.

Ƙetare Tekun Atlantika

Masana da dama sun ɗauka cewa igiyoyin rediyo miƙe suke tafiya kamar haske, saboda haka lanƙwasar duniya za ta hana su kaiwa nesa. Marconi bai tsaya jayayya ba. Ya gina babbar tasha a Poldhu, kudu maso yammacin Ingila, shi kuma ya tafi birnin St John's na tsibirin Newfoundland, wanda a yau yake cikin Kanada. Ranar 12 ga Disamba, 1901, ya ɗaga doguwar waya sama ta hanyar ɗaura ta a jikin wani yadi mai sanduna da iska ke ɗauka, ya kuma bayyana cewa ya ji gajerun bugu uku, wato harafin S a tsarin baƙaƙen Morse, daga nisan kimanin kilomita 3,500. Tun a lokacin wasu suka yi shakka, domin daga shi sai mataimakinsa suka ji, kuma har yanzu masana na taƙaddama a kai. Amma a watan Fabrairu na 1902 ya sake gwajin a cikin jirgin ruwa mai suna Philadelphia, na'ura tana rubuta saƙon a kan takarda a gaban shaidu. A wannan tafiya ce ya lura cewa saƙo ya fi nisa da dare a kan rana. A 1907 kamfaninsa ya fara aika saƙonnin kasuwanci a kai a kai tsakanin Ailan da Kanada, a 1909 kuma aka ba shi lambar Nobel tare da Bajamushe Karl Ferdinand Braun.

Amfanin na'urar ya fito fili a watan Afrilu na 1912, lokacin da jirgin Titanic ya nutse. Ma'aikatan rediyon jirgin, Jack Phillips da Harold Bride, ma'aikatan kamfanin Marconi ne. Kiran neman agajin da suka aika shi ya jawo jirgin Carpathia, wanda ya ceto mutum kusan 700, ko da yake fiye da 1,500 sun halaka.

Magadansa Masu Sha'awar Rediyo

Labarin saurayin da ya fara daga ɗakin gidansu ya zaburar da dubban matasa a Turai da Amurka. Sai suka riƙa keɓe wani lungu na gida, ko ɗakin ajiya, su kafa tebur da madanni da abin sa wa a kunne, su ja eriya daga rufi zuwa bishiya, su yi ta hira da juna da baƙaƙen Morse ba don kuɗi ba. Da suka yawaita, sai saƙonninsu suka riƙa cuɗanya da na jiragen ruwa. Bayan haɗarin Titanic, Amurka ta kafa doka a 1912 wadda ta wajabta musu lasisi, ta kuma tura su zangon mita 200 zuwa ƙasa, wato gajeren zango, wanda manyan kamfanoni suke ganin ba shi da wani amfani. Sai suka haɗa kansu: aka kafa ƙungiyarsu a Landan a 1913, Hiram Percy Maxim kuma ya kafa ta Amurka a 1914.

Abin da aka raina shi ya zama dukiya. A watan Disamba na 1921, Paul Godley ya kafa tanti a Ardrossan ta ƙasar Sikotlan, ya ji saƙonnin 'yan'uwansa daga Amurka. A watan Nuwamba na 1923, Léon Deloy daga birnin Nice na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz na Amurka a zangon da ke kusa da mita 100, da ƙarfin wutar da bai kai ko kusa da na manyan tashoshi ba. Dalili shi ne, can sama a sararin samaniya akwai wani shimfiɗi na iska mai ɗauke da lantarki wanda ke dawo da gajeren zango ƙasa, ƙasa kuma ta sake mayar da shi, har ya zagaya nesa. Shi ma Marconi a daidai wannan lokaci yana gwajin gajeren zango a cikin jirgin ruwansa mai suna Elettra, wanda ya saya a 1919 ya mayar ɗakin gwaji. Daga 1926 kamfaninsa ya haɗa Ingila da Kanada ta wannan hanya, a 1927 kuma da Ostireliya da Afirka ta Kudu da Indiya. A 1925 masu sha'awar suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Paris. Har yau kowane mai lasisi yana da lambar kira wadda farkonta ke nuna ƙasarsa: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar kuma da 5U.

Siyasarsa da Rasuwarsa

Hausawa na cewa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. A 1923 Marconi ya shiga jam'iyyar Fasist ta Benito Mussolini, wanda a 1930 ya naɗa shi shugaban majalisar masana ta Italiya. Da Italiya ta mamaye Habasha a 1935, Marconi ya fito fili ya goyi bayan mamayar. Wannan tabo ne da shahararsa ba ta iya shafewa ba. Haka kuma an daɗe ana jayayya a kan wanda ya cancanci a kira uban rediyo, domin Nikola Tesla da Oliver Lodge da Aleksandr Popov na Rasha da Jagadish Chandra Bose na Indiya duk sun taka rawa. A 1943 kotun ƙolin Amurka ta soke muhimman sassa na ɗaya daga cikin takardun mallakarsa, bisa hujjar cewa wasu sun riga shi.

Marconi ya yi aure sau biyu, da Beatrice O'Brien a 1905 da Maria Cristina Bezzi-Scali a 1927. A 1912 ya rasa idonsa na dama a haɗarin mota. A 1931 ya kafa wa Fadar Paparoma gidan rediyonta. Ya rasu a birnin Rum ranar 20 ga Yuli, 1937, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 63. Washegari gidajen rediyo da dama suka yi shiru na minti biyu domin girmama shi. Kabarinsa yana harabar Villa Griffone, gidan da ya zama gidan tarihi, kuma kowace shekara masu sha'awar rediyo kan keɓe wata Asabar kusa da ranar haihuwarsa su yi ta kiran juna domin tunawa da shi.

Kammalawa

Shekara ashirin bayan rasuwar Marconi, wato a 1957, sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shiryensa, kuma ta gajeren zango ne muryoyin suka riƙa isowa birane da ƙauyukan ƙasar Hausa. Rayuwarsa tana ɗauke da darasi ga mai shirin zama malami. Yaron da bai yi fice a aji ba ya sami malamai biyu da suka lura da inda hankalinsa ya karkata, suka ba shi lokacinsu, ya kuma sami ɗakin da zai yi gwaji ya kuskure ya sake. Haka nan ya gina aikinsa a kan na magabata, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata malami ya gabatar wa ɗalibansa wannan tarihi gaba ɗayansa, da ɗakin saman bene, da ceton Titanic, da kuma goyon bayan mamayar Habasha, domin su san cewa basira ba ta ɗauke wa mai ita alhakin abin da ya zaɓa ya mara wa baya.