George Washington Plunkitt, Ɗan Majalisar Dattawan Jihar Niyok

Galibin mutanen da a ke ba da tarihinsu a waɗannan shafuna mutanen kirki ne, irin waɗanda a kan ce wa yara su yi koyi da su. Wanda na kawo muku yau ba na tsammani za a rataya hotonsa a ɗakin karatunmu, amma ina so 'yan'uwana ɗalibai su san labarinsa, domin shi kaɗai na sani cikin 'yan siyasa wanda ya fito fili ya bayyana yadda ya yi arziki da muƙaminsa, ba kunya ba tsoro.

A ƙasar Amurka kowace jiha tana da majalisarta ta yin dokoki, ban da babbar majalisar ƙasa da ke Washinton. Ta Jihar Niyok tana zama a garin Albani, kuma kashi biyu ce, watau Majalisar Wakilai da Majalisar Dattawa. Plunkitt ya zauna a ta Wakilai a 1869 da 1870. A ta Dattawa kuwa sau uku ya shiga: daga 1884 zuwa 1887, sa'an nan 1892 da 1893, kana daga 1899 zuwa 1904. Shekara 12 ke nan.

An haife shi a birnin Niyok a 1842. Iyayensa baƙi ne matalauta daga ƙasar Ailan, unguwarsu kuwa daga baya an rushe ta an haɗa da babban lambun shan iska na birnin. Bai yi nisa a makaranta ba. Ya yi tuƙin amalanke, ya zama yaron mahauci, har ya buɗe nasa wurin sayar da nama. Yadda ya shiga siyasa, bisa ga faɗarsa, abin dariya ne. Ya sami wani ɗan'uwansa wanda bai damu da zaɓe ba, ya roƙe shi alkawarin ƙuri'arsa. Da wannan ƙuri'a guda ya tafi wurin shugaban jam'iyya na unguwa ya ce yana da mabiyi. Ya ƙara abokansa biyu na makaranta, ya bi gida gida, kafin a jima yana da mutum 60, manya suka fara nemansa.

Ƙungiyar da ya shiga sunanta Tammany Hall, ita ke riƙe da jam'iyyar Dimokurat a birnin. Sunanta ya riga ya ɓaci da cin dukiyar jama'a, har shugabanta William Tweed ya mutu a kurkuku a 1878. A 1870 Plunkitt ya riƙe muƙami huɗu a lokaci guda, yana karɓar albashi uku.

Ofishinsa kuwa shi ne kujerar mai goge takalma a ginin kotun birnin. Nan ya ke zama, mabukata su zo su same shi, shi kuma yana ta zuba zance. Wani ɗan jarida, William Riordon, ya riƙa rubuta zantukan, ya tara su ya buga littafi a 1905 mai suna Plunkitt of Tammany Hall. Har yanzu a na karanta shi a jami'o'in Amurka.

A cikinsa ne ya raba cin riba da muƙami gida biyu, na halal da na haram. Na haram a wurinsa shi ne sata daga baitulmali, ko tsorata masu gidan caca da na giya su biya. Wannan ya ce bai taɓa yi ba. Na halal kuwa ga yadda ya ke. Jam'iyyarsa ke mulki, sai a raɗa masa cewa za a yi lambu ko gada a wuri kaza. Ya tafi a ɓoye ya saye filayen wurin da araha, har da fadamar da ba mai so. Ran da hukuma ta sanar da aikin, dole ta saya daga hannunsa da tsada. Ya kuma ba da labarin gwanjon tsofaffin duwatsun daɓen titi guda 250,000. Ya bi abokan tayinsa ɗaya ɗaya, ya yi wa kowa alkawarin zai ba shi abin da ya ke bukata kyauta in ya yi shiru, aka sallama masa duka a kan dala biyu da rabi.

Ni dai wannan rabo bai shige ni ba. Mai fadamar da ya sayar da araha bai ji raɗar da Plunkitt ya ji ba, kuma kuɗin da hukuma ta ƙara biya harajin talakawa ne, su masu zaɓensa. Wanda ya shiga rumbu ta ƙofa domin an ba shi ajiyar mabuɗi, hatsin da ya ɗiba ya ragu daidai da na wanda ya fasa bango.

To, me ya sa suka yi ta zaɓensa? Nan ne labarin ya ke da wuya, kuma bai kamata mu yi saurin wucewa ba. A zamanin nan hukuma ba ta da wani tanadi na kirki domin matalauci. Baƙi na ta sauka daga jiragen ruwa, Ailan da Italiya da Yahudawa, ba aiki ba masauki. Littafin ya nuna yinin irin wannan shugaban unguwa. Ƙarfe biyu na dare a tashe shi ya je belin wani. Da asuba gobara, ya kai waɗanda suka ƙone masauki, ya ba su tufafi da abinci. Da hantsi yana kotu yana roƙon alƙali ko biyan tara, da rana yana nema wa mutane aiki, ya je jana'iza biyu, da dare ya halarci biki, sai tsakar dare ya kwanta. Giya ma ba ya sha. Matar da aka ba 'ya'yanta bargo daren gobara, wa zai gaya mata zancen farashin fadama ranar zaɓe? Ya kuma gabatar da dokokin ayyuka da dama, har da gadar Washinton da ke kan kogin Harlem.

Abin da ya fi ƙi a duniya ya shafe mu, mu masu fama da jarrabawa. A 1883 Jihar Niyok ta yi doka cewa aikin gwamnati sai wanda ya ci jarrabawa. Plunkitt ya ɗauki wannan doka annoba ce, ya yi ta yaƙi da ita har tsufansa. Ya kan yi ba'a cewa a na tambayar mai neman aiki yawan ruwan teku da irin yashin hamadar Sahara. A nan na ɗan tausaya masa, gama mu ma mun ga tambayoyin da ba su da haɗi da aikin aji. Amma ainihin ciwonsa a fili ya ke: in jarrabawa ke ba da aiki, shi ba shi da abin da zai raba wa masu kawo masa ƙuri'a.

A zaɓen 1904 wani saurayin lauya na jam'iyyar Rifablikan, Martin Saxe, ya kayar da shi. A 1905, shekarar da littafin ya fito, Thomas McManus ya ƙwace shugabancin unguwar daga hannunsa, shi kuwa McManus ɗan Tammany ne, ya san duk dabarun. Plunkitt bai sake komawa majalisa ba. Ya rasu a Niyok cikin Nuwamba 1924, yana da shekara 82, da dukiyarsa a hannu.