Charlotte Auerbach: Malamar da ta gano gubar da ke taɓa gadon halitta

An haifi Charlotte Auerbach ranar 14 ga Mayu, 1899 a garin Krefeld na ƙasar Jamus. Tana koyarwa a makarantun Berlin lokacin da gwamnatin Hitler ta sallami Yahudawa daga aikin gwamnati a 1933. Ta rasa aikinta, ta yi ƙaura zuwa Edinburgh da ke Birtaniya, inda ta samu digirin digirgir a 1935.

A farkon Yaƙin Duniya na Biyu, ita da abokin aikinta J. M. Robson suka gwada iskar guba ta mastad, wadda aka halaka sojoji da ita a yaƙin farko, a kan ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace. Aikin ya kasance mai haɗari, har gubar ta ƙona mata hannu. Sakamakon ya nuna cewa sinadari na iya sauya ƙwayoyin gado, lahanin kuma ya bayyana a jikin zuriya. Kafin nan, hasken hoton ƙashi aka tabbatar yana yin irin wannan ɓarna. Sirrin yaƙi ya hana bayyana binciken sai a 1946.

Daga wannan tushe aka samo gwaje-gwajen da ake yi wa lakar da ake kwasowa idan an yashe kogi ko madatsa. Gubar masana'antu da baƙin mai da dalma sukan kwanta a ƙasan ruwa shekara da shekaru, yasa kuma ta tono su. Masana kan jiƙa lakar, su saka saiwar albasa ko ƙwayoyin cuta a ruwanta, su duba ko gadonsu ya lalace.

Batun ya shafi Zazzau kai tsaye. Kogin Kubanni yana gangarowa daga wajen Samaru, yana kwasar ruwan kwatami har ya faɗa Galma, kuma da shi masu lambu ke ban ruwan kayan miyan da ke isa kasuwar Sabon Gari da teburan PZ. Duk ranar da aka yashe shi, irin wannan gwaji zai iya taimakawa wajen sanin inda ya dace a zuba lakar.

An zaɓe ta cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya a 1957. Ta rasu a Edinburgh ranar 17 ga Maris, 1994, tana da shekara 94.