Andrew Foster: kurman da ya buɗe wa kuramen Afirka makarantu fiye da 30

A ranar 3 ga watan Disamba na shekarar 1987 wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi a ƙasar Ruwanda. Cikin waɗanda suka rasu har da Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka mai shekara 62, wanda ya shafe shekara 30 yana buɗe wa yara kurame makarantu a nahiyar Afirka.

An haife shi ranar 27 ga watan Yuni na 1925 a Ensley, cikin jihar Alabama, mahaifinsa kuwa ma'aikacin haƙar kwal ne. Yana da shekara 11 sanƙarau ya kama shi, ya tashi ba ya ji. Mutanen Maraɗi da Damagaram ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan ciwo: shi ne wanda ke zuwa da zafin bazara, kuma cikin yaran da suka tsira akwai waɗanda yake bari da kurumta.

A lokacin wariyar launin fata ta yi ƙarfi a kudancin Amurka. Makarantar kurame baƙar fata da aka kai shi a garin Talladega ba ta wuce matakin firamare ba. Sai ya koma birnin Detroit yana matashi, yana aikin ƙarfi da rana, yana karatu da dare. A 1951 ya shiga Gallaudet, babbar makarantar kurame da ke Washington, ya fito da digiri a 1954, abin da ya sa ake lissafa shi a matsayin baƙar fata na farko da ya yi hakan a can.

Burinsa shi ne ya zo Afirka ya koyar, amma ƙungiyoyin mishan da ya nema suka juya masa baya. Shi ya sa a 1956 ya kafa tasa ƙungiyar ta Kirista domin kuramen Afirka. Da ya iso a 1957, makarantun kurame a duk faɗin nahiyar ba su wuce 12 ba, su ma suna arewacin Afirka da Afirka ta Kudu.

A nan ne aikinsa ya bambanta da na masu jiran a ba su fili da siminti. A unguwar Osu ta birnin Akara, a shekarar da Gana ta sami 'yancin kai, aron aji ya yi a wata makarantar coci. Sai 'yan makarantar sun tashi, sannan nasa ɗalibai su shiga. Da 'yan yara kaɗan ya fara, amma labari bai daɗe ba ya bazu, iyaye suka riƙa kawo 'ya'yan da a da ake ajiye su gida, har wuri ya yi kaɗan aka koma Mampong. A 1960 ya buɗe wata a Ibadan, daga baya aikin ya kai Inugu da Kaduna, sannan ya tsallaka ƙasashe masu amfani da Faransanci irin su Kodebuwa, Togo, Benin, Cadi, Kamaru da Senegal. Matarsa Berta, Bajamushiya kuma ita ma kurma, tare suka yi wannan fama.

Gini bai dame shi kamar malami ba. A Ibadan ya riƙa tara matasa daga ƙasashe daban-daban, da yawansu kurame, yana horar da su, su koma gida su riƙe makaranta da kansu. Wasu ya nema musu hanyar karatu a Gallaudet. Dalilin da ya sa makarantu da dama ba su mutu da mutuwarsa ba ke nan.

Sai dai akwai abin da ake tuhumar aikin nasa da shi, kuma tuhumar tana da tushe. Harshen hannu na Amurka ya shigo da shi azuzuwa, shi ne ya zama tushen wanda ake koyarwa yau a yawancin makarantun kurame na Afirka ta Yamma. Alhali kuwa kuramen Afirka suna da nasu tun kafin zuwansa, kamar maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa, wadda ba a aji aka ƙirƙiro ta ba. Yaro kan koyi alamun makaranta, ya dawo gida ya tarar mahaifiyarsa wasu daban take yi masa.

Makarantar Gallaudet ta ba shi digirin girmamawa a 1970, a 2004 kuma ta sa wa wani babban zauren taronta sunansa.