Agnes de Mille (1905–1993): Mace a Dandamalin Kaboyi

Gabatarwa

Kowace ƙasa tana da yankin da aka yi wa mutanensa kuɗin goro, aka ɗora musu siffa guda. A Amurka, yankin Yamma ne ya fi shan wannan hukunci, domin finafinai sun mayar da shi ƙasar kaboyi, namiji bisa doki da bindiga a ƙugu, mace kuwa tana bakin ƙofa tana jiran dawowarsa. Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Agnes de Mille, mai tsara raye-rayen dandamali, wadda ta ɗauki wannan hoto ta dasa mace a tsakiyarsa, kuma ta nuna abin da al'umma ke karɓa daga hannun macen kafin ta ba ta wurin zama.

Haihuwa da Tasowa

An haife ta a birnin Niyok ranar 18 ga Satumba, 1905, a gidan da ya shahara da harkar wasan kwaikwayo. Mahaifinta, William de Mille, marubucin wasanni ne, ƙanensa kuwa shi ne Cecil B. DeMille, fitaccen daraktan finafinai. Ta wajen uwa jikar Henry George ce, masanin tattalin arziki. Tana ƙarama iyalin suka koma Kalifoniya. Mahaifinta bai ɗauki rawa a matsayin sana'ar da ta dace da 'yarsa ba, saboda haka ta fara koyon rawar bale a makare, ta kuma yi digiri a fannin Ingilishi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis.

Sunan gidansu bai buɗe mata ƙofa ba. Ta shafe shekaru tana shirya wasannin da ba su mayar da kuɗin da aka kashe musu, kuma aikin da baffanta ya ba ta a fim ɗin *Cleopatra* na 1934 ya watse saboda saɓani. A Landan, inda ta yi aiki da Marie Rambert da Antony Tudor, ta ƙware wajen sa motsin jiki ya bayyana halin mutum da damuwarsa.

*Rodeo* da Tambayar da Ya Bari

Yaƙin Duniya na Biyu ya sa ƙungiyar Ballet Russe de Monte Carlo ta tare a Amurka, tana neman wasan da zai dace da masu masaukinta. Ta ba de Mille aikin, Aaron Copland ya tsara kiɗan. An fara nuna *Rodeo* ranar 16 ga Oktoba, 1942, ita kanta ta fito a matsayin jarumar tana da shekara 37, kuma sau 22 'yan kallo suna dawo da 'yan wasan dandamali da tafi.

Labarin wata budurwa ce a gidan kiwo, mai sa wando da hawan doki, wadda ke son a lissafa ta cikin mazan makiyaya. Maza suna yi mata dariya, mata suna ƙyamar ta, shugaban makiyayan da take so kuma hankalinsa yana kan 'yar mai gidan. De Mille ta tilasta wa maza masu rawar bale su ajiye taƙamar 'ya'yan sarauta, su gwale ƙafafu kamar waɗanda suka wuni bisa sirdi, ta kuma shigo da rawar ƙauye da bugun ƙafa cikin fasahar da Turai ke ganin tata ce.

Ƙarshen wasan shi ne wurin taƙaddama. Budurwar ba ta samu karɓuwa ba sai da ta tuɓe wando ta sa riga irin ta mata a daren rawa. Wasu manazarta suna ganin wannan miƙa wuya ne. Sai dai akwai abin lura: da shugaban makiyayan ya waiwayo gare ta, ba shi ta bi ba, ta zaɓi gwanin jifa da igiya wanda ya nuna mata kirki tun tana cikin ƙura. Ta sami 'yancin zaɓe, amma sai da ta biya da kamanninta, kuma wasan bai ɓoye wannan ciniki ba.

Daga *Oklahoma!* zuwa *Fall River Legend*

Nasarar *Rodeo* ta sa Richard Rodgers da Oscar Hammerstein suka ɗauke ta aikin *Oklahoma!*, wanda aka buɗe ranar 31 ga Maris, 1943, aka nuna shi sau 2,212 a jere. A nan ta tsara rawar mafarki, inda jaruma Laurey ke ganin fargabarta da sha'awarta game da maza biyu masu neman ta. Abin da kunya ta hana budurwar ƙauye furtawa, jiki ya faɗe shi a gaban jama'a. Duk da haka wasan yana da giɓi babba, domin ƙasar da yake yabo wuri ne da aka tilasta wa 'yan asalin Amurka komawa, kuma tarihinsu bai fito a dandamalin ba.

A 1948 ta juya zuwa arewa maso gabashin ƙasar, yankin da aka sani da tsananin addini da kame baki. *Fall River Legend* ya ginu ne kan Lizzie Borden, wadda aka zarga da kashe mahaifinta da matarsa da gatari a 1892. Kotu ta wanke ta, amma de Mille ta kai jarumarta gaban igiyar rataya, ta mai da hankali kan yadda ƙuntatawar gida da shirun maƙwabta ke murƙushe mace.

Gwagwarmaya da Ƙarshen Rayuwa

Ribar da *Oklahoma!* ya tara ba ta kai gare ta yadda ya kamata ba, kuma wannan ya sa ta tsaya kan haƙƙin masu tsara rawa, har ta shugabanci ƙungiyarsu da ta daraktocin dandamali. Ta rubuta littattafai da dama, ciki har da tarihin rayuwarta, *Dance to the Piper*, da na ƙawarta Martha Graham a 1991. A 1975 shanyewar ɓarin jiki ta same ta ana dab da fara wani wasanta, amma ta ci gaba da rubutu da tsara rawa. Ta rasu a Niyok ranar 7 ga Oktoba, 1993, tana da shekara 88.

Kammalawa

De Mille ba ta rushe hoton da aka yi wa yankunan Amurka ba, ta ma taimaka wajen ƙawata shi. Gudummawarta ita ce ta yi amfani da hoton da kowa ya sani ta tambayi matsayin mace a cikinsa. Shi ya sa har yau duk ƙungiyar da ta ɗauko *Rodeo* sai ta yanke shawarar yadda budurwar za ta shigo da rigar nan, cikin murna ko cikin dole.