Sarauniya Salote ta Tonga

Tonga ƙasa ce ta tsibirai wajen 170, can tsakiyar tekun Pasifik. Babban birninta shi ne Nuku'alofa. A nan aka haifi Salote, ran 13 ga watan Maris na shekarar 1900. Mahaifinta shi ne sarkin ƙasar. Da ta tasa, sai aka kai ta karatu ƙasar Niyu Zilan, inda ta ƙware da Ingilishi.

A 1918 mahaifinta ya rasu, ta hau gadon sarauta tana da shekara 18. A lokacin, Tonga tana ƙarƙashin kariyar Ingila. Jiragen ruwa suna ta kawo kayan Turawa da ɗabi'unsu. Tsofaffin da suka san tarihi da asalin dangi kuwa suna ta rasuwa, sanin da ke kansu yana bin su kabari.

Salote ba ta ƙi boko ba, har ma ta ƙarfafa makarantu. Amma ba ta yarda boko ya kori gadon gida ba. Daga 1954 ta shugabanci kwamitin al'adun gargajiya. Aka bi tsofaffi ana tambayarsu, ana rubuta abin da suka faɗa. Ta tara mata cikin ƙungiya, don su riƙe saƙar tabarma da yin tufafin ɓawon itace. Ita kanta ta tsara waƙoƙi fiye da 100 da harshen Tonga. Wasunsu na lakalaka ne, wata rawa da maza da mata suke yi a jere, suna rera tarihin ƙasarsu.

A 1953 ta je Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabet. Ana cikin jerin gwano, sai ruwa ya goce. Manyan baƙi suka rufe kekunan dokinsu. Salote ta ƙi a rufe nata, don ta girmama mai biki bisa al'adar ƙasarta. Ta jiƙe sharkaf, tana murmushi, mutane suna ta tafi. Tun ran nan duniya ta san sunan Tonga.

Ta rasu ran 16 ga watan Disamba na 1965. A 2003 hukumar UNESCO ta sa lakalaka cikin manyan al'adun duniya. Yanzu ƴan Tonga da yawa suna zaune Niyu Zilan da Ostareliya da Amurka, amma ƴaƴansu suna koyon waƙoƙinta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.