EMMANUEL IFEAJUNA, WANDA YA FARA KAWO WA NIJERIYA LAMBAR ZINARIYA

Duk sa'ad da 'yan wasan Nijeriya suka tafi wani babban taron wasanni na duniya suka komo da lambobin girma, a kan buga sunayensu cikin jarida, a shirya musu liyafa, a kai su gaban shugabanni. Amma ba safai a kan ambaci wanda ya fara buɗe wannan ƙofa ba, domin abin da ya aikata daga baya ya sa sunansa ya yi wa mutane nauyi a baka, balle mu nan Arewa. Mutumin nan shi ne Emmanuel Arinze Ifeajuna. Yau ga tarihinsa, mai daɗi da marar daɗi, don malamai da ma'aikata su duba su auna.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Ifeajuna a Anaca, bakin kogin Kwara, cikin shekarar 1935. A garinsu ya yi karatu, a makarantar Dennis Memorial, wadda ta ke ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun sakandare na Jihar Gabas. Can malamin wasanni ya lura da shi, ya koya masa tsallen sama, watau wanda a ke gitta sanda bisa ginshiƙai biyu, mutum ya taho da gudu ya ƙetare ba tare da ya kayar da ita ba. Tun yana ɗan makaranta kuma aka san shi da wani hali na biyu, na rashin haƙuri da abin da ya ga kamar zalunci ne, har ya shiga cikin wani bore da ya sa aka rufe makarantar na wani lokaci. Halayen nan biyu, ƙarfin jiki da zafin zuciya, su suka bi shi har kabari.

A zamanin nan Nijeriya ba ta daɗe da fara tura 'ya'yanta wasannin ƙasashen waje ba. Cikin 1950 aka fara zuwa wasannin Daular Ingila, a birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan, inda Majekodunmi ya samo lambar azurfa a tsallen sama. Cikin 1952 aka fara zuwa wasannin Olimfik a Helsinki, aka komo hannu wofi. Zinariya dai babu wanda ya taɓa samowa. Da aka yi gasar ƙasa ta 1954, sai Ifeajuna ya tsallake ƙafa 6 da inci 5 da rabi, aka sa sunansa cikin waɗanda za su tafi Kanada.

RANAR BANKUBA

An yi wasannin Daular Ingila da Ƙasashen Renonta na 1954 a birnin Bankuba, can yammacin Kanada, daga ran 30 ga Yuli zuwa 7 ga Agusta. Ƙasashe 24 suka hallara. Abin da ya fi jawo hankalin Turawa a taron shi ne tseren mil guda tsakanin Roger Bannister na Ingila da John Landy na Ostareliya, waɗanda dukansu biyu suka gama kafin minti huɗu ya cika. Amma abin da ya shafe mu ya auku tun ran 31 ga Yuli.

A ranar aka yi tsallen sama. Ya kamata mai karatu ya sani, a wancan zamani babu katifar da a ke shimfiɗa wa masu tsalle yanzu. Cikin rami mai yashi ko dusar katako a kan faɗa. Ifeajuna ya shiga fili da takalmi a ƙafar hagu kaɗai, ta dama ba kome. Aka yi ta ɗaga sanda, abokan gasa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage shi kaɗai. Ya tsallake ƙafa 6 da inci 8, watau mita 2.03, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin waɗannan wasanni. Patrick Etolu na Yuganda ya zo na biyu, Nafiu Osagie na Nijeriya ya zo na uku. Wato lambobin uku duka 'yan Afirka suka kwashe. Ifeajuna kuwa, yana ɗan shekara 19, ya zama baƙin mutum na farko daga Afirka da ya ci zinariya a babban taron wasanni irin wannan.

Ba shi kaɗai ya yi ƙoƙari ba. Ayarin Nijeriya ya komo da lambobi bakwai: zinariya 1, azurfa 3, tagulla 3. Karim Olowu ya sami azurfa a dogon tsalle, Peter Esiri ya sami azurfa a tsalle mai hawa uku, mutum huɗu masu gudun miƙa sanda su ma suka sami azurfa. Cikin masu tagulla har da ɗan dambe Abubakar Idi Garuba.

Da suka sauka Ikko aka tarye su da murna mai yawa. Ƙasa tana ƙarƙashin Turawa, ana ta gardamar ko baƙin mutum zai iya riƙe kansa, sai ga wani yaro ya tafi har ƙasar Turawa ya fi kowa. Aka buga hotonsa yana ƙetare sanda a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta, aka yi shekaru ana sayar da su a ƙasar nan. Yara da yawa waɗanda ba su san inda Anaca ta ke ba sun san siffar Ifeajuna, don kullum tana gabansu bisa benci. A shekarar nan Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa minista ne a Ikko, kuma cikinta Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

DAGA AJI ZUWA BARIKI

Abin mamaki, daga wannan nasara Ifeajuna bai sāke mai da hankali ga tsalle ba. Cikin 1954 ɗin ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya karanta kimiyya. Can ya yi abota da marubutan nan Christopher Okigbo da J. P. Clark, ya zama ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar ɗalibai, yana cikin masu shirya zanga-zanga. Da ya sami digiri sai ya kama aikin koyarwa a wata makarantar sakandare a Abekuta. Alli bai gamshe shi ba. Cikin 1960, shekarar samun mulkin kai, ya ajiye koyarwa ya shiga soja, aka tura shi makarantar hafsoshi ta Mons a Ingila. Ita ce makarantar da wani saurayi ɗan Daura, Muhammadu Buhari, ya shiga bayansa, ya fito hafsa cikin 1963.

Masu digiri cikin soja a lokacin ba su da yawa, saboda haka girma ya zo wa Ifeajuna da sauri. Ya zama Manjo, shi ne kuma babban hafsan ofishin Birged ta Biyu a Ikko. Mai gidansa a wurin shi ne Birgediya Zakariya Maimalari, mutumin Barno, ɗaya daga cikin 'yan Nijeriya na farko da suka fito daga Sandhurst. Umarnin Birgediya ta hannun Ifeajuna ya ke fita, takardunsa ta hannunsa su ke shiga. Amana ce babba.

Ƙasa kuwa ta rikice. An yi rigimar ƙidayar jama'a, an yi rigimar zaɓen 1964, sa'an nan zaɓen Jihar Yamma na 1965 ya jawo ƙone-ƙone da kashe-kashe. Waɗansu samarin hafsoshi suka shiga ganawa a ɓoye, suna ganin su ne za su gyara ƙasa da bindiga. Ifeajuna yana cikin na gaba-gaba, tare da Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu da Manjo Adewale Ademoyega.

DAREN 15 GA JANAIRU

Ran 11 da 12 ga Janairu 1966 Firayim Minista Tafawa Ɓalewa ya karɓi baƙuncin shugabannin Ƙasashen Renon Ingila a Ikko, don a tattauna batun Rodeshiya. Baƙi ba su daɗe da watsewa ba, cikin watan azumi, daren Jumma'a wayewar Asabar 15 ga wata, maƙarƙashiyar ta fashe. A Kaduna Nzeogwu ya fāɗa wa gidan Firimiya, aka kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu. A Ibadan aka kashe Firimiya Akintola. Aikin Ikko kuwa yana hannun Ifeajuna.

Shi ya jagoranci sojan da suka shiga gidan Firayim Minista suka tafi da shi. Birgediya Maimalari ya tsere wa waɗanda aka tura gidansa, ya fita kan hanya cikin duhu. Da ya hangi motar hafsansa sai ya tsai da ita, yana tsammani taimako ya zo. Nan Ifeajuna ya harbe shi. A daren ne kuma aka kashe Laftanar Kanar Abogo Largema a Otal ɗin Ikoyi, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar Kanar James Pam, da Laftanar Kanar Arthur Unegbe, da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh. Bayan kwanaki aka tsinci gawar Tafawa Ɓalewa a gefen hanyar Abekuta, aka kai ta Bauci aka binne. Rahoton binciken 'yan sanda ya ɗora alhakin mutuwarsa a kan Ifeajuna.

Juyin bai kai inda masu shi suka nufa ba. Janar Aguiyi-Ironsi ya tattara sojan da ba su bi su ba, mulki ya faɗa hannunsa. Amma Jamhuriya ta Farko ta riga ta faɗi, gwamnatocin jihohi duka suka rushe. Har Daura abin ya taɓa, domin Alhaji Muhammadu Bashar yana cikin ministocin gwamnatin Sardauna da aka rusa. Cikin wannan shekara ta 1966 Allah ya ba shi sarautar Daura, ya riƙe ta har 2007.

GUDU DA ƊAURI

Ifeajuna ya gudu Gabas, daga can ya ƙetara zuwa Gana, inda Kwame Nkrumah ya karɓe shi. Bai daɗe ba ya komo gida, aka kama shi aka tsare. Shi kansa Nkrumah, soja suka kifar da shi ran 24 ga Fabrairu. Gwamnatin Ironsi ba ta gurfanar da masu juyin gaban shari'a ba, wannan kuwa ya ƙara wa mutanen Arewa ɓacin rai. Ran 29 ga Yuli hafsoshin Arewa suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi, Yakubu Gowon ya hau. Cikin tarzomar da aka yi a garuruwan Arewa a shekarar, dubban mutanen Gabas suka hallaka, 'yan kasuwa da akawuna da mata da yara, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wannan ma jini ne da aka zubar ba bisa haƙƙi ba, kuma wajibi ne a faɗa.

Ana cikin haka, cikin Agusta 1966, aka yi wasannin Ƙasashen Renon Ingila a Kingston ta Jamaika. Sam Igun ya ci zinariya a tsalle mai hawa uku, 'yan dambe biyu suka ƙara biyu. Shekara 12 ke nan Nijeriya ba ta ga zinariya a wasannin nan ba tun ta Bankuba. Wanda ya ci ta farin kuwa yana kulle a kurkuku.

ƘARSHENSA

Da Ojukwu ya ware Jihar Gabas ran 30 ga Mayu 1967 ya kira ta Biyafara, Ifeajuna, wanda aka riga aka saki, ya shiga rundunarsa da muƙamin Laftanar Kanar. Cikin Agusta ya bi Victor Banjo suka mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya, mayaƙansu suka kai har Ore, kan hanyar Ikko. Daga nan aka kore su, rundunar Murtala Muhammed ta ƙwace Binin cikin Satumba. Ojukwu ya tuhumi Ifeajuna da Banjo da Phillip Alale da Sam Agbam da ƙulla masa makirci. Aka yi musu shari'ar gaggawa, aka harbe su a Inugu ƙarshen watan Satumba 1967, 'yan kwanaki kafin sojan Tarayya su kama garin ran 4 ga Oktoba. Ifeajuna yana da shekara 32. Ya mutu Nijeriya tana kiransa mai laifi, Biyafara tana kiransa maci amana. Ya bar wani rubutu kan labarin juyin Janairu, wanda ba a buga shi littafi ba.

ABIN LURA

Ƙofar da ya buɗe ba ta rufu ba. Cikin 1964 Nojim Maiyegun ya samo wa Nijeriya lambar Olimfik ta farko, tagulla a dambe, a Tokiyo. Cikin 1968, ana tsakiyar yaƙi, 'yan ƙwallon ƙafarmu suka yi kunnen doki 3 da 3 da Barazil a Meziko. Cikin 1973 suka ci zinariya a wasannin Afirka a Ikko. Cikin 1996 a Atlanta ta Amurka, Chioma Ajunwa ta ci zinariya a dogon tsalle, kashegari 'yan ƙwallo suka doke Ajantina 3 da 2 suka ɗauki tasu. Shugaban 'yan wasan Nwankwo Kanu ne, mutumin Gabas, tare da shi kuma akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi, 'yan Kaduna. Riga ɗaya suka sa, tuta ɗaya aka ɗaga musu.

To, malamai, ku da ku ke tsayawa bakin fili da usur a hannu, ga abin da tarihin nan ya ke nuna muku. Malamin Ifeajuna ya koya masa yadda a ke ƙetare sanda, ya kuwa iya har ya fi kowa a Daular Ingila. A filin wasa akwai doka: ka jira a kira sunanka, in ka kayar da sanda sau uku ka koma gefe, hukunci na alƙalin wasa ne ko da ka ga bai yi maka daidai ba. Ran 31 ga Yuli 1954 ya bi dokar nan, duniya ta yaba masa. Ran 15 ga Janairu 1966 ya mai da kansa alƙali da mai zartar da hukunci gaba ɗaya, bai cika shekara biyu ba aka yi masa irin abin da ya yi wa waɗansu. Laifin nasa ne da na abokan shawararsa, ba na ƙabilarsa ba. Tsallen kuma nasa ne, babu mai iya kankare shi daga tarihi. Idan yaro ya tambaye ku wane ne ya fara kawo wa ƙasar nan zinariya, ku gaya masa sunan, ku gaya masa sauran labarin kuma. Allah ya jiƙan shugabanninmu da suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.