Albrecht Durer: Mai Zanen Da Ya Koyi Duba Kafin Ya Ja Layi

Da yawa daga cikin masu karatunmu sun san hoton nan na hannuwa biyu a haɗe cikin addu'a. Ana ganinsa a kalanda da bangon majami'u, amma kaɗan ne suka san wanda ya zana shi. Sunansa Albrecht Durer, Bajamushe, kuma tarihinsa muka kawo muku a wannan mako, musamman domin matasanmu masu sha'awar zane.

An haife shi a birnin Nurembag na ƙasar Jamus ran 21 ga Mayu, 1471. Mahaifinsa maƙerin zinariya ne da ya zo daga Hangari, ya haifi 'ya'ya 18, Albrecht ne na uku. A maƙerar uban ya fara koyon aikin hannu. Yana ɗan shekara 13 ya zauna gaban madubi ya zana fuskarsa, hoton kuwa yana nan har yau. Da uban ya ga inda zuciyar yaron ta karkata, sai a 1486 ya miƙa shi ga wani gwanin zane mai suna Michael Wolgemut.

A wurin wannan maigida ya ga yadda ake sassaƙa hoto a kan katako a buga a takarda. Daga baya ya ƙware kuma a zane kan farantin tagulla. Irin wannan aiki ba shi da launi, layi ne kawai. Saboda haka ya laƙanci fitar da inuwa da layuka: inda haske ya faɗo ya bar farar takarda, inda inuwa take ya jera layuka kusa da juna, inda duhu ya yi yawa ya gitta wasu a kansu. Yakan lanƙwasa layukan su bi siffar abin, har hannu ko itace ya fito kamar a taɓa.

Hannuwan addu'ar nan ma haka aka yi su a 1508, a kan shuɗiyar takarda. Baƙar tawada ta ba da inuwa, fari ya ba da haske. Gwaji ne na hannuwan wani manzo, domin babban hoton bagade da wani attajirin Farankfot ya ba shi aikinsa. Gobara ta cinye tsakiyar babban hoton a 1729, gwajin kuwa ya tsira.

Durer bai raina ƙananan halittun Allah ba. A 1502 ya zana zomo, gashi bi da gashi, kowane sashe yana kwance ta inda ya saba kwanciya, har hasken taga ana gani a cikin idonsa. Shekara ɗaya bayan haka ya zana guntun ƙasa da ciyayi, irin wanda mutum zai taka ya wuce. Ya saukar da idonsa daidai da ƙasa, ya ba kowane ganye siffarsa. Duka biyun suna ajiye a birnin Biyana na Ostiriya.

Amma ko gwani yakan kauce in bai gani da ido ba. A 1515 aka kawo karkanda daga Indiya zuwa Lisbon. Durer bai je ba, wasiƙa da wani ɗan zane kawai suka iso gare shi. Ya zana dabbar da fata kamar sulken yaƙi, ya ƙara mata ɗan ƙaho a doro. Fiye da shekara 200 mutanen Turai suna kwafar wannan hoto suna tsammani haka karkanda take. Gani ya kori ji.

A tafiyarsa zuwa Italiya, musamman ta 1505 zuwa 1507, ya nemi sanin yadda ake nuna nisa da kusa a kan takarda. Ƙa'idar ita ce abin da ke nesa yana ƙanƙancewa, gefuna biyu na miƙaƙƙiyar hanya kuma suna matsowa har su haɗu a wuri ɗaya daidai tsayin idon mai kallo. Bai ɓoye wannan sani ba. A 1525 ya buga littafin awo da Jamusanci, domin yaran masu sana'a da ba su iya Latin ba. A ciki ya nuna mutum yana leƙe ta wuri ɗaya ba ya motsa kai, yana bin siffar abin da ke gabansa a kan gilashi. Duk mai koyo zai iya gwada wannan a jikin taga.

Son gani da ido ne ya kai shi gaɓar tekun Holan a 1520, don ya ga wata ƙatuwar dabbar teku da ruwa ya jefo. Kafin ya isa ruwa ya janye ta. A wannan tafiya ya kamu da zazzaɓin da ya riƙa damunsa har ƙarshen ransa. Ya rasu ran 6 ga Afrilu, 1528, yana da shekara 56.

Muna kira ga iyaye kada su ɗauki zanen yaro wasan banza. Ku kuma matasa, ku ajiye kwafar hotunan wasu, ku ɗauki fensir ku zauna gaban kaza, ko tulu, ko bishiyar kuka. Ku fara duba ta inda haske ya fito da inda inuwa ta kwanta, sa'an nan ku ja layi.